Jan Babur Daga Cikin Laka

Sammani yana durƙushe a tsakar gida yana ɗinke bakin buhun alkama, sai ya ji ana kwaɗa sallama a zaure da murya mai haki. Kafin ya amsa, mai sallamar har ya faɗo ciki. Yayansa ne Isiyaku, laka tun daga ƙafa har gemu, babu hula, ga shebur a hannu.

"Sammani, taso! Na gan shi!"

"Wa ka gani, Yaya?"

"Jan babur! Wallahi shi ne, da hannuna na taɓa kansa!"

Ummul-Khairi, matar Sammani, tana bakin murhu tana matsar man gyaɗa. Ta saki muciya ta miƙe tsaye. Ba ta san wanne ya fi ba ta mamaki ba, labarin babur ko ganin Isiyaku a tsakar gidanta, don rabonsa da shigowa tun farkon rani.

A farkon ranin nan ne Isiyaku ya ari babur ɗin ƙanensa, wani jan Suzuki tsoho mai lafiya, zai kai kwandunan tumatir bakin titi wajen Kadawa. Yana tafe a gefen babban kanal na ruwan noman rani sai wata saniya ta ɓullo daga cikin masara. Ya kauce mata, ƙasa kuwa a jiƙe take, shi da babur da tumatir suka zarce cikin ruwa. Shi Allah ya yi masa gyaɗar dogo ya kama gefen siminti ya fito. Babur kuwa ruwa ya ja shi ƙarƙashin kwalbati. Samari suka yi nutso har suka gaji, ba su same shi ba. Sammani bai ce komai ba sai "Tunda ka fito da rai ai shi ke nan, Yaya." Amma kunya ta kama Isiyaku. A masallaci sai su gaisa a tsaitsaye ya wuce, cin abincin da suke yi tare a zaure ma ya daina zuwa.

Yanzu bazara ta shigo, an gama kwashe tumatir da alkama, an rufe ruwa don a yashe kanal. Mutanen ƙauyen suka fita gayya, Isiyaku kuwa ya zaɓi bakin kwalbatin nan da kansa, ya yi ta haƙa har shebur ɗinsa ya daki ƙarfe.

Da gudu suka isa. 'Yan gayya sun riga sun taru, an ɗaura igiya a ƙafar gaba. Aka ja da kabbara, laka ta yi wani irin tsotso, babur ya fito baƙi ƙirin, ciyawar ruwa tana reto a jikinsa, wani tarwaɗa ya zullo daga ƙarƙashin kujera. Wuri ya kaure da ihu da dariya.

Dattijo, maƙwabcinsu mai injin ban-ruwa, ya zagaya shi ya girgiza kai. "Sammani, ka kira 'yan gwangwan su auna shi kawai. Kowa yanzu Jincheng yake hawa."

Sammani ya tsuguna ya share lakar da ke jikin injin da tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana. Ya ɗago yana murmushi.

"Zai tashi."

"Zai tashi," in ji Isiyaku da ƙarfi, ko da yake bai duba komai ba.

A amalanke aka kai shi gida. Suka jingine shi ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, suka yi ta kwara masa ruwan rijiya har jan fentin ya fara leƙowa. Nan suka ga girman aikin. Duk wani noti da ke jikinsa tsatsa ta lulluɓe shi, wasu sun kumbura har ba a gane kusurwarsu. Kayan aikin Sammani kuwa ba su taka kara sun karya ba: sufanu 'yan kaɗan a cikin tsohuwar jakar fata, filaya, sukudireba, guduma, da guntun zarton ƙarfe.

Isiyaku, wanda shi kaɗai yake ɗaga buhun shinkafa ya ɗora a kai, ya fizgi sufana ya ɗora a kan notin kujera ya ja da ƙarfinsa. Sufana ta zame, bayan hannunsa ya daki ƙarfe, fata ta ɗaye. Notin kuma kusurwa ɗaya ta cinye.

"Yaya, tsaya," in ji Sammani yana danne dariya. "Ba da kokawa ake fara masa ba. Sai ya sha tukuna."

"Ya sha me? Wata nawa yana shan ruwa!"

"Kananzir."

Ummul-Khairi ta ɗauko kwalbar kananzir ɗin fitilarta ta miƙa. "Ga shi, Malam. Amma in muka kwana a duhu, ku za ku riƙa haska mini da haƙora."

Sammani ya haɗa kananzir da ɗan man birki a gwangwani, ya bi kowane noti yana ɗiga masa da tsinken tsintsiya. Manyan ya naɗe su da tsumma jiƙaƙƙe. Sannan ya ɗauki guduma yana ba kowanne 'yar ƙwanƙwasa, ba da ƙarfi ba, don tsatsar ta tsage man ya sami hanyar shiga. Suka bar shi ya kwana haka.

Washegari ko kunu ba a dama ba Isiyaku ya yi sallama. Sammani ya zaɓi sufana mai zagayen baki wadda take rungume noti ta kowane gefe, ya buga ta ta zauna daram a kan notin kujerar nan, ya ja a hankali. Shiru. Ya ƙara. Sai suka ji ƙas, sannan wani ɗan kuka siriri, notin ya juya.

"Allahu Akbar!" Isiyaku ya yi tsalle kamar an ce ya ci kujerar Makka. Ummul-Khairi ta rangaɗa guɗa daga madafa, kaji suka watse.

Daga nan aiki ya zama abin ɗoki. Da safe kafin rana ta yi zafi suna kansa, bayan la'asar suna kansa. Ummul-Khairi ta jera musu gwangwanayen tumatir, kowane sashe da nasa, don kada notin tanki ya cuɗanya da na birki. Duk wanda ya fito sai Isiyaku ya ɗaga shi sama ya nuna mata, ita kuma ta ce, "Sannunku da yaƙi."

Murfin gefen injin ya so ya gagare su. Sukurori ne suke riƙe da shi, masu tsagar kai kamar tauraro, tsatsa ta cinye tsagar har bakin sukudireba ba ya samun wurin kamawa. Sammani ya zauna da guntun zarto ya yi wa kowane kai sabuwar tsaga miƙaƙƙiya. Sannan ya miƙa wa yayansa babbar sukudireba.

"Ka danna ta ciki, ka murɗa hagu ka riƙe. Ni kuma zan doki ƙeyarta da guduma."

Isiyaku ya dubi gudumar, ya dubi yatsunsa. "In ka kuskure fa?"

"Ba zan kuskure ba."

"To doka."

Dukan farko, shiru. Na biyu, sukurun ya saki kamar dama jira yake. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, Isiyaku yana murɗawa yana rufe ido, Sammani yana duka, har suka sami kiɗa. Guda ɗaya ya ƙi ko motsi, sai da Sammani ya aro kurfi, ƙarfen sara mai kaifin baki, wurin maƙeri, ya kafa shi a gefen kan sukurun ya yi ta koro shi zagaye da guduma. Da murfin ya buɗe, ruwa mai wari ya zubo, har da ƙananan dodon-koɗi. Ummul-Khairi ta toshe hanci ta ce ai sun kori 'yan haya.

A kan injin, inda notuka huɗu manya suke, nan ƙarfin Isiyaku ya yi rana. Suka zura sufana cikin wani guntun bututun ƙarfe na famfon ban-ruwa, hannunta ya yi tsawo. Sammani ya danne babur da ƙirji, Isiyaku ya kama ƙarshen bututun ya ja a tsanake kamar yadda aka ce masa. Kowane noti sai ya yi ƙara kamar an harba bindigar toka kafin ya saki. Da suka ɗage kan injin, ga fistin ya maƙale a cikin tukunyarsa, ja wur da tsatsa. Suka cika masa baƙin mai da kananzir suka bar shi yana sha. Da suka dawo kansa, Ummul-Khairi ta kawo tsohuwar taɓaryarta da ta tsage, aka yanko guntu, aka ɗora a kan fistin. Isiyaku yana duka, Sammani yana danna kik da hannu. Can sai man da ke sama ya yi ƙasa gulul, kik ɗin ya sunkuya.

"Ya motsa! Yaya, ya motsa!"

Ranar Isiyaku bai koma gidansa cin abinci ba. A nan gindin darbejiya suka ci dambun shinkafa da hannuwan da sabulu ya kasa fitar da baƙinsu.

Saura salansa. Dole a cire ta kafin a zare tukunyar fistin a wanke. Notuka biyu ne suke riƙe da bakinta a jikin injin, a wani lungu da sufana ba ta shiga sai a karkace. Nan ne wuta take dukan ƙarfe kullum, ga shi kuma ya yi wata da watanni a laka. Na farko ya fito da ƙyar. Sammani ya tashi ya shiga ɗaki neman tsumma. Isiyaku, da zumuɗi ya cika shi, ya ɗora sufana a kan na biyu, ya zura bututu, ya ja.

Ya ji ya juya da sauƙi, har ya buɗe baki zai yi kabbara. Sai notin ya faɗo ƙasa tare da guntun ƙusar da yake kai. Ƙusar ce ta karye, sauranta yana cikin jikin injin.

Sammani ya fito ya tarar da yayansa a tsaye, guntun ƙarfe a tafin hannu. Isiyaku bai ɗago ba.

"Na kuma," ya ce a hankali. Ya ajiye sufana a kan tabarma, ya soma laluben takalmansa.

"Ina za ka, Yaya?"

"Hannuna ba ya yi wa babur ɗin nan alheri. Ka nemi bakanike a Kura."

Sammani ya tsuguna ya zare salansar, tunda yanzu babu abin da ke riƙe da ita. Ya leƙa lungun, ya shafa da yatsa.

"Zo ka gani. Ba ta karye a ciki ba, ga kanta nan a waje kamar ƙwayar gyaɗa. Wannan ƙusar ko ni na ja ta sai ta karye, dubi cikinta, duk tsatsa ce. Amma fitar da ita sai mai ƙarfin yatsu, ni kuwa ka san nawa."

Ummul-Khairi ta yi magana daga bakin madafa ba tare da ta juyo ba. "Yaya, da kai na auna garin tuwo. In ka tafi sai dai a ba akuya."

Isiyaku ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ja numfashi, ya cire shi, ya dawo ya tsuguna.

Suka zare tukunyar fistin gaba ɗaya suka ɗora ta a kan turmi. Isiyaku ya karɓi magagarin da aka aro wurin maƙeri, ya zauna yana goga gefen guntun ƙusar, wannan ɓari da wancan, har ya yi mata fuska biyu shimfiɗaɗɗu da ƙaramar sufana za ta iya kamawa. Gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ummul-Khairi ta hura gawayi a kurfoti, suka kifa wajen ƙusar a kan garwashi, Sammani yana fifita da mafici har ƙarfen ya ɗauki zafin da tofin yawu yake tsalle a kansa.

"Kananzir zai kama da wuta," in ji Sammani. "Me za mu zuba masa?"

Ummul-Khairi ta shiga ɗaki ta fito da ɗan curin man kaɗanya. "Wannan in ya ji zafi babu kafar da ba ya shiga. Ku gwada."

Suka sauke tukunyar da tsumma. Sammani ya dangwala man a gindin ƙusar, ya narke nan take, ya yi hayaƙi mai ƙamshi, ya ɓace cikin haƙoran ƙarfen kamar ƙasa ta sha ruwa. Ya ƙara, ya ɓace. Isiyaku ya ɗora sufana.

"Dama tukuna, Yaya. Ka ɗan ƙara ɗaure ta, kamar gashi ɗaya. Sannan hagu."

Isiyaku ya yi bisimilla. Dama kaɗan. Hagu kaɗan. Dama. Hagu. Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar gawayi. A juyi na gaba ya ji wani abu a cikin yatsunsa kafin kunne ya ji. Ya ɗago ido ya dubi ƙanensa.

"Sammani... tana tafiya."

"Kada ka yi sauri! Ƙara mata mai, Ummu, ƙara!"

Haka ya yi ta lallaɓa ta, gaba da baya, baƙin ruwan tsatsa yana tsattsafowa, har guntuwar ƙusar ta fito ta faɗa cikin turmi. Isiyaku ya ƙwalla ihun da sai da maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya. Ya rungumi Sammani ya ɗaga shi sama cak, ƙafafunsa suna reto. Ummul-Khairi tana guɗa tana share ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin gawayi ne.

Abin da ya rage ya zo da sauƙi. Isiyaku ya hau keke ya je Kura ya sayo sabuwar ƙusa da zoben fistin da fulogi da tif na tayoyi. Kayan wutar babur suka shanya su a kan soro tare da kauɗar tumatir har suka bushe ƙayau. Sammani ya wanke kafireto da fetur, ya bi ƙananan kafofinsa da zaren waya. Suka ƙona cikin salansa da karan dawa, suka bubbuge ta, busasshiyar laka tana zubowa. Wajen mayarwa, kowane noti sai da aka shafa masa mai kafin a ɗaure.

Ranar kasuwar Bunkure da hantsi suka gama. Sammani ya juye 'yar kwalbar fetur da ya gauraya da man inji a tanki, ya yi bisimilla, ya buga kik. Shiru. Ya buga har cinyarsa ta sage. Isiyaku ya karɓa ya buga har babur yana ɗagawa. Sau ɗaya ya yi tari ya koma shiru.

"Tari ai alamar rai ne," in ji Ummul-Khairi. "Ku fita da shi waje ku tura."

Suka gungura shi ta zaure zuwa ƙofar gida. Labari ya riga ya bazu, mutane sun taru gindin darbejiyar masallaci. Sammani ya hau, ya sa giya ta biyu, ya riƙe kuloci. Isiyaku ya dafa baya. Dattijo, wanda ya ce a kira 'yan gwangwan, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya dafa ɗaya gefen.

"Ku tura!"

Suka ruga da shi a kan hanyar da ta bi ta bayan masallaci. Sammani ya saki kuloci. Babur ya yi gurnani, ya shaƙe, ya sake gurnani, sai ya harba wani curin laka daga salansa ya manne a gaban rigar Dattijo, ya kece da ƙara. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe hanya. Isiyaku, da bai saki da wuri ba, ya kife a yashi, ya miƙe yana tsalle da hannuwa sama. Daga cikin gida ana jiyo guɗar Ummul-Khairi, matan maƙwabta suna amsa mata ta kan katanga. Dattijo yana duban rigarsa yana dariya yana cewa, "Na janye maganata, wallahi na janye!"

Sammani ya kai ƙarshen layi ya juyo, ya tsaya a gaban zaure yana murɗa totur don kada ya mutu. Ummul-Khairi ta leƙo ta bayan asabari.

"Malam, tukuicina tsire ne, na Bunkure, mai ƙuli da yawa."

"An gama. Yaya, hau!"

Isiyaku ya ɗare baya, ya kama ƙugun ƙanensa. Suka fita daga gari suka bi tsakanin fadamun shinkafa da ake ta gyarawa, iska tana kumbura musu riguna. Duk wanda suka wuce sai ya saki fartanya ya bi su da kallo, Isiyaku yana ɗaga hannu yana ihu, "Shi ne! Jan nan ne!"

Sun hango rumfunan kasuwar Bunkure ke nan babur ya yi tari, ya ja, ya mutu. Suka dubi juna. Sammani ya sauka ya buɗe tanki ya leƙa, ya girgiza shi. Sai ya zauna a gefen hanya yana dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, fetur ɗin gwaji ne fa kawai muka zuba."

Isiyaku ya leƙa tankin shi ma, ya ga ƙarfe a bushe. Ya kama kan babur, ya ce ƙanen ya taso kada mai tsire ya tashi. Suka tura shi zuwa kasuwa cikin rana, suna gardama a kan wata 'yar ƙara da Isiyaku ya rantse ya ji a ƙafar baya, Sammani kuma ya ce sarƙa ce kawai take neman mai.